Shirun Bugu Talatin da Tara

Ƙungiyar Agogon Gishiri ta sallami mutum bakwai a cikin shekara hamsin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ce masa ya tafi. Aubrey Catchpole, mai kaɗa ogan irin na coci, wanda ya kafa ƙungiyar kuma yake riƙe da ita har yau, bai iya faɗin magana mai nauyi da bakinsa ba. Yana da tasa hanyar.

A tsakiyar "Ambaliya", waƙarsu ta minti ashirin da huɗu wadda ta cinye fuska guda ta faifai a 1972, akwai wurin da kowa ke ɗauke hannu. Ba jita, ba ganga, ba murya. Bugu talatin da tara na shiru, sha uku sau uku, kowa yana ƙirgawa a ransa, ba mai kallon wani, ba mai gyaɗa kai, sannan su faɗo gaba ɗaya a kan bugu guda, ogan yana jan ragamar rabin waƙar na biyu. Da wannan shirun aka san su. Wani mai sharhi a jarida ya taɓa rubuta cewa shi ne abu mafi daɗi da ƙungiyar ta taɓa yi, kuma ba yabo yake nufi ba.

A 1974 mai busa musu sarewa, Rupert Oakshott, ya hau dandamali da giya a kansa, ya manta inda ake, ya yi ta busa a cikin shirun. Washegari ya tarar da akwatinsa a bakin ƙofa. Bayan shekara biyu, da Aubrey ya gaji da mai jitarsu na farko, sai ya rubuta sunansa a gefen kalmar "shiru" a takardar jerin waƙoƙi da ake manna wa kowa a gaban ƙafarsa. Mutumin ya gane. Ya cika shirun da jita, ya sauka, bai sake hawa ba. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Wanda aka ba shirun zai cika shi shi kaɗai, iya tsawon da ya ga dama, kuma ba wanda zai shigo sai ya gama. In ya gama sai ya ɗaga hannu ya fice, magajinsa da ke tsaye a bayan labule ya shigo ya karɓi wurinsa, a ƙirga sha uku, a ƙarasa waƙar. 'Yan kallo ba sa ganin takardar. Abin da suka sani kawai, duk wanda suka ji sautinsa a wurin nan ya gama, sai su miƙe tsaye su yi masa tafin bankwana. Suna son abin ƙwarai. Mutane suna son jana'izar da mamacin ke yi musu kiɗa.

Dennis Threlfall ya ga duka bakwai ɗin daga bayan gangunansa, inda ake ganin ƙeyar kowa. Shi da Aubrey kaɗai suka rage cikin biyar ɗin da suka fara a 1969, a wani tsohon coci da aka daina ibada a cikinsa a gaɓar tekun Norfolk. Tare suka ga shekarun da ake cika musu zaure ana kwana a layi. Tare suka ga zuwan samari masu gashi kamar tukkun zakara da waƙoƙinsu na minti biyu, waɗanda suka mayar da su abin dariya cikin bazara guda. Tare suka yi shekarun da ba mai kiransu sai Jamusawa da Japanawa, har zamani ya juyo, waɗanda suka yi musu dariya suka tsufa su ma, aka fara ce wa Agogon Gishiri tarihi. Cikin bakwai ɗin da aka sallama, biyu ba su yi shekara a raye ba. Dennis ya taɓa ziyartar ɗaya a gidan kula da tsofaffi, ya same shi bai san sunan 'yarsa ba, amma yatsunsa suna buga sha uku a kan bargo, ba kuskure.

Yanzu Dennis yana da shekara saba'in da huɗu, kuma ƙirgar ta fara kuɓuce masa. Hannuwansa lafiya lau. Kan ne. Tun bayan rasuwar matarsa Pauline, in ya shiga shirun sai ya kai wajen ashirin da wani abu, ya ji kamar ya taka matakalar da babu. Wata takwas yana ɓoye wannan. Dabararsa ita ce dunduniyar hagu ta Gethin Prosser, mai kaɗa musu jitar nan mai kaurin sauti, wadda ke motsi kaɗan da kowane bugu ba tare da mai ita ya sani ba.

Ranar Alhamis, a gwajin ƙarshe kafin wasan cika shekara hamsin, Gethin ya matsa bayan lasifika don gyara waya, dunduniyar ta ɓace. Dennis ya faɗo a makare da bugu guda. Ba a ma ji ramin sosai ba, domin kafin ya buɗe, hannun hagu na Aubrey ya riga ya danna dogon sauti ya rufe shi. Haka hannun nan yake tun suna samari. Ko waya ta tsinke, ko mawaƙi ya manta baiti, hannun zai rufe ɓarakar kafin mai shi ya yi tunani. Aubrey zai iya jure mutuwar aboki, amma ba zai iya jure mutane su ji kuskure a kiɗansa ba.

"Ka makara, Den," in ji Gethin ƙasa-ƙasa, yana naɗe waya.

"Ku ne kuka yi gaggawa, sabon yaro. Ku huɗun."

Gethin yana da shekara hamsin da shida da jikoki biyu, ya yi shekara ashirin da biyu a ƙungiyar, amma har yanzu sabon yaro ne.

"Lallai. Mu huɗu muka ɓata tare, kai kaɗai ka dace. Ƙafata kake kallo, ko? Tun bazara na lura."

"Takalmanka nake kallo. Ban taɓa ganin munana irinsu ba. A wace gawa ka cire su?"

"Ranar Asabar zan tsaya inda za ka gan su da kyau, tsoho. Kada ka damu."

Sai ga Aubrey ya taso da gwangwanin biskit a hannu, dogo, siriri, farin gashinsa ɗaure a ƙeya. Ya tsaya a gaban ganguna ya buɗe murfin.

"Ɗauki mai cakulan, Den. Ɗaya ya rage."

Dennis ya ɗauka. Shekara hamsin yana kallon gwangwanin nan, kuma ya san sau nawa aka miƙa wa mutum na cakulan ɗin, da abin da ke biyo baya.

Gidan wasan yana can ƙarshen doguwar gadar katako da ta shiga cikin teku. An sa wasan ƙarfe uku na rana, saboda masoyan Agogon Gishiri yanzu suna da magungunan sha da motar komawa gida da ba ta jira. Da Dennis ya iso ranar Asabar da hantsi, sun riga sun fara layi a cikin yayyafi, kawuna farare, sandunan dogarawa, baƙaƙen riguna masu hoton faifan 1972 da suka koɗe suka miƙe a kan tumbi. Wani ya gane shi ya yi ihu, "Sha uku, Dennis!" Ya ɗaga masa hannu. A ƙarƙashin katakon ruwa yana dukan ginshiƙai, launin toka, ba sama ba ƙasa.

A ɗakin shiri Maureen, matar Aubrey, ta kawo masa shayi. Ita ke manna takardun jerin waƙoƙi da salatif tun kafin ta auri Aubrey. Ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Sukari biyu, Mo? Shekara goma kina hana ni. Mutuwa zan yi?"

"Sha shayinka, Denny."

"Kin manna takardun?"

"Ni nake mannawa kullum, ai ka sani."

"Kin karanta?"

"Tabarauna yana mota." Ta gyara masa wuyan riga, abin da ba ta taɓa yi ba. "Da Pauline tana nan da ba ta bar ka ka fito da wannan rigar ba. Dubi maɓalli."

Ta fita da sauri. A lungun da ke bi zuwa dandamali Dennis ya yi karo da wani baƙo, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, faffaɗan ƙirji, yana jingine da bango yana cin soyayyen dankali daga takarda. Sandunan ganga biyu sun leƙo daga aljihunsa na baya. Ya miƙe tsaye da ladabi.

"Mista Threlfall. Tun ina ƙarami nake sauraronka. Babana ne ya..."

"Ka goge hannunka kafin ka taɓa kayana," in ji Dennis, ya wuce.

Ba a buɗe ƙofa ba tukuna, zauren ba kowa. Takardar tana nan a gefen kujerarsa, an manna ta kusurwa huɗu. Rubutun Aubrey ne, ƙanana, da koren tawada. Waƙa ta shida, Ambaliya. A ƙarƙashinta, shiru. A gefen shirun, Dennis.

Aubrey yana durƙushe a bayan ogan da 'yar ƙaramar fitila a baki. Dennis ya tsaya a kansa.

"Aub."

Ya cire fitilar. "Iskar teku ba ta yi wa wannan abin daɗi. Ka ji yadda yake shaƙewa a ƙasa?"

"Faɗa mini da bakinka."

"Sai an bar shi a kunne awa guda kafin ya dawo daidai."

"A motar kifin babana na ɗauko maka wannan akwatin, Aubrey. Wata uku yana warin kifi. Ni na riƙe maka zobe ranar aurenka. Kalma huɗu ce, ko biyar. Buɗe baki ka faɗa, in ji da kunnena, in ɗauki kwat ɗina in tafi gida. Ba sai an yi biki ba."

Aubrey ya dubi wayoyin da ke hannunsa. Wuyansa ya yi ja.

"Ka ɗauki iya lokacin da kake so, Den. Ko minti goma ne. Za su ji daɗinsa." Ya mayar da fitilar baki.

Dennis ya koma ɗakin shiri ya shanye shayin da ya riga ya huce. Ya yi tunanin gidansa. Kujerar Pauline tana nan ta fuskanci taga, kuma ranar Talata da Alhamis, ranakun gwaji, su ne kawai yake da dalilin juya mata baya ya fita. In aka cire Talata da Alhamis, sauran mako ne da kujera. Ya yi tunanin yatsu a kan bargo.

Gaskiya ita ce ya daɗe da shirya abin da zai kaɗa. Duk wanda ya zauna a ƙungiyar nan yana da nasa a ajiye, kamar yadda wasu ke zaɓen waƙar da za a yi a jana'izarsu. Na Dennis zai fara ne da taɓa farantan tagulla a hankali, ya hau, ya hau, ya ƙare da bugun da ya koya a ƙungiyar 'yan fareti ta makaranta. Minti huɗu. Ya sha kaɗa shi da yatsu a kan teburin kicin.

Ƙarfe uku aka ɗaga labule. Mutum ɗari takwas. Waƙoƙi biyar na farko sun tafi lami lafiya, har Dennis ya ji haushin yadda hannuwansa ke aiki da kyau. Aubrey ya yi gajeriyar godiya, ya ambaci cocin, ya ambaci waɗanda suka mutu. Da ya ce "Ambaliya", zauren ya yi wata irin ajiyar zuciya.

Minti goma sha ɗaya suna hawa. Jita ta bi ogan, murya ta bi jita, ganguna suna ɗauke da su duka. Suka kai bakin ramin, suka yanke tare.

Dennis ya ɗaga sanduna. Mawaƙin ya sunkuyar da kai, ɗaya mai jitar ya ja da baya, duk sun ga takardunsu. A bayan labule, daga dama, baƙon yana tsaye da nasa sandunan a hannu, ya goge yatsunsa kamar yadda aka ce masa.

Farantin tagulla yana nan ƙasa da taƙi guda daga kan sandar. Dennis ya dube shi. Sai ya sauke hannuwansa a hankali, ya ɗora sandunan a kan gwiwoyinsa.

Ba shawara ya yanke ba, a lokacin dai. Ji ya yi kawai ba zai haƙa ramin da kansa ba.

'Yan kallo ba su san komai ba. A wurinsu shirun da suka saba ne, suna ƙirgawa, leɓuna suna motsi a duhu. Talatin da bakwai, talatin da takwas. A kan talatin da tara mutum ɗari takwas suka ja numfashi, wasu kawuna suka sunkuya don tarbar bugun.

Ba abin da ya zo.

Ba wanda ya yi tari. Shekara hamsin aka yi ana koya wa mutanen nan kada su yi tari a wurin nan. Aka fara jin teku a ƙarƙashin katako, da kukan wani tsuntsu a kan rufi, da ɗan gurnanin lasifika. Dunduniyar Gethin ta tsaya cak. Bisa ƙa'ida ba mai shigowa sai wanda aka ba shirun ya gama, shi kuwa bai fara ba. Gethin ya juyo da ido kawai, bakinsa ya motsa ba sauti: Den, don Allah.

Dennis ba shi yake kallo ba. Ƙeyar Aubrey yake kallo, yadda jan ke hawa daga wuyan riga zuwa kunnuwa. Daga nan ya sauke ido zuwa hannun hagu. Yana kwance a kan cinya, yatsun suna buɗewa suna rufewa.

A nan ne Dennis ya gane abin da zai faru, kuma ya gane shi sarai, ba zai iya cewa daga baya bai sani ba. Bugu ɗaya ya isa. Ko taɓa faranti ya yi da kan sanda, shirun ya zama nasa, Aubrey ya tsira, zaure ya miƙe, baƙon ya shigo. Ya san hannun nan fiye da yadda mai shi ya san shi. Ya tuna da gwangwanin biskit. Ya bar sandunan inda suke.

A can baya wata kujera ta yi ƙara. Wata mata ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Lafiya kuwa?"

Hannun ya tashi.

Sautin ya fito daga can ƙasan ogan, mai kauri, dogo, irin wanda ya rufe ɓaraka dubu. Dennis ya ga kafaɗun Aubrey sun ƙame a daidai lokacin da kunnensa ya gaya masa abin da hannunsa ya aikata. Amma ba a barin sauti ɗaya tsirara a gaban mutum ɗari takwas. Hannun dama ya bi, don ya mayar da shi kiɗa. Kuma kiɗan ya yi kyau, abin takaicin ke nan. Aubrey ma ashe yana da nasa a ajiye.

Wani tsoho a layi na uku ne ya fara miƙewa, yana dafa sandarsa. Sai na kusa da shi. Sai kujeru suka yi ta bugawa har bango. Ba su taɓa yin irin wannan tafin ba, ko ga ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama. Maza masu furfura suna kuka a fili. "Aubrey!" "Mun gode, Aubrey!" Wani ya ɗaga wayarsa yana ɗauka, ɗari suka bi shi. A bayan labule Maureen ta toshe bakinta da hannu biyu, naɗin salatif yana rataye a wuyan hannunta.

Aubrey ya yi ta kaɗawa. Minti biyar, minti bakwai. Ya zagaya ya dawo, ya sake zagayawa, kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ya gina da hannunsa. Dennis ya san babu. Mutumin da ya sallami bakwai da wannan ƙa'idar ba zai tsaya a gaban waɗanda suka yi masa bankwana ya ce musu kuskure ne ba. Yin hakan sai da buɗe baki, abin da bai iya ba.

Daga ƙarshe sautin ya sauka, ya mutu. Aubrey ya juyo a kan kujerarsa ya dubi Dennis. Shekara hamsin bai taɓa juyowa a kan dandamali ba. Ba fushi a fuskar, da ma akwai da ya fi sauƙi. Ya ɗaga hannun hagu sama, ya rufe murfin ogan da na dama, ya miƙe, ya bi ta gefen baƙon ya wuce ba tare da ya gan shi ba.

Tafin ya lafa. Mutane suka zauna suna share ido, suna leƙen bayan labule don su ga magajin. Ba kowa a can sai mai ganga na biyu, riƙe da sandunansa, yana kallon Maureen.

"To, tsoho," in ji Gethin, bai ko rage murya ba. "Kujerarka ce. Ƙirga mana."

Ya matsa bayan lasifika, da gangan wannan karon.

Dennis ya ɗaga sanduna. Ɗaya, biyu, uku. Lambobin suka zo masa tsaf, ɗaya bayan ɗaya, yadda ba su zo ba tun rasuwar Pauline. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Ya faɗo daidai, ba gaba ba baya, da dukan ƙarfinsa.

Inda ogan zai karɓa, sai ƙarar farantin tana raguwa, da teku a ƙarƙashin katako.